Makka da Cikin da Ake Ɓoyewa

Da wuya a sallame sallar farilla a Masallacin Harami ba a yi shelar sallar jana'iza ba, kuma sau da yawa mai shela yakan ambaci yara tare da manya. A cikin waɗannan ƙananan gawarwaki akwai waɗanda ba su taɓa buɗe baki sun yi kuka ba, domin mazhabar Hambaliyya da aka fi bi a Saudiyya ta tafi a kan cewa cikin da ya kai wata huɗu, in ya faɗo babu rai, a wanke shi, a sa masa suna, a yi masa salla. A ƙasar Hausa, inda muke bin Malikiyya, hukuncin da ɗalibi ke karantawa a Risala shi ne ba a sallatar jaririn da bai yi kuka ba. A naɗe shi a ƙyalle a binne. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma ba aikin wannan shafi ba ne ya shiga tsakanin malamai. Abin da ya dame ni shi ne ɗabi'ar da muka ɗora a kan hukuncin, wadda shi hukuncin bai ce mu yi ba. Tunda ba suna, ba salla, ba zaman makoki, sai muka mayar da mutuwar ɗa a ciki abin da ba a magana a kansa, ba a tambayar dalilinsa, ba a rubuta shi a ko'ina. A ce wa uwar ta yi haƙuri, Allah ya kawo mai amfani, shi ke nan. Ra'ayina shi ne yawancin waɗannan yara ba wata cuta mai wuyar ganewa ke kashe su ba. Jinkiri ke kashe su, kuma babban tushen jinkirin shi ne ɓoye ciki. Makka ta fi ko'ina nuna haka, saboda gari ne da asibiti ke bakin ƙofa, amma akwai matan Hausawa iri biyu da ke iya rasa ɗa a cikinsa don ba su iya cewa ga su da juna biyu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, idan za ta kwatanta ƙasa da ƙasa, tana ƙirga jaririn da aka haifa babu rai daga mako 28 na ciki zuwa sama. Abin da ya zube tun ciki na ƙarami shi ne ɓari, kuma dalilansa sun sha bamban. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa kusan jarirai miliyan 2 ake haifa babu rai a duk shekara, wato ɗaya a kowace daƙiƙa 16, kuma kashi uku cikin huɗu a Afirka kudu da Sahara da Kudancin Asiya. Najeriya ce ta uku a yawa, bayan Indiya da Pakistan, da sama da 170,000 a shekarar 2019, kimanin 22 a cikin kowace haihuwa dubu. Na Saudiyya bai kai sulusin wannan ba. Burin da ƙasashe suka amince da shi tun 2014 shi ne kowace ƙasa ta sauko zuwa 12 ko ƙasa da haka kafin 2030. Amma adadin da ya fi kowanne nauyi a wurina shi ne wannan: sama da kashi 40 cikin ɗari na waɗannan yara da ransu suka shiga naƙuda. Zuciyarsu tana ta bugawa har zuwa sa'o'in ƙarshe, sannan suka mutu a hanyar fitowa, a lokacin da kunnen ungozoma a kan ciki da ɗakin tiyata a kusa za su iya cetonsu.

Ɗan da ke ciki ba ya numfashi da huhunsa, ba ya ci da bakinsa. Iskarsa da abincinsa duk ta mabiyiya da igiyar cibiya suke zuwa, saboda haka duk abin da ya taɓa jinin uwa ko ya lalata mabiyiya, shi ya taɓa. Hawan jinin masu ciki yana matse jijiyoyin da ke kai jini mabiyiya, ɗan ya daina girma yadda ya kamata, wani lokaci mabiyiyar ta ɓanɓaro daga jikin mahaifa jini ya ɓalle, ko uwar ta kai ga jijjiga. Ciwon suga da ba a kula da shi ba yakan sa ɗan ya yi girman da zai maƙale a naƙuda, ko ya mutu ba zato a makonnin ƙarshe. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana taruwa a mabiyiya ko da uwar ba ta jin zafin jiki, musamman a cikin fari, ta ƙarar mata da jini, ta rage wa ɗan rabonsa. Tunjere yana ƙetarawa daga uwa zuwa ɗa ba tare da wata alama a jikinta ba. Cikin da ya zarce lokacinsa, mabiyiyarsa tsufa take yi. Jerin binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2016 ya danganta kusan kashi 8 cikin ɗari na irin wannan mutuwa a duniya da zazzaɓin cizon sauro, kusan haka da tunjere, kashi 14 da zarcewar lokaci. A Afirka kudu da Sahara kuwa rabon zazzaɓin ya kusa kashi 20. Nakasar halitta, wadda mutane suka fi ɗauka ita ce dalili, ba ta wuce kusan kashi 7 ba. Shekarun uwa in sun haura 35, ƙiba, haihuwa kusa da kusa, tagwaye da sikila duk suna ƙara haɗari.

In aka dubi wannan jeri da kyau, abin da ya haɗa shi shi ne kusan kowanne yana da gwaji mai araha da magani sananne. Hawan jini, na'urar awon jini da gwajin fitsari ke kama shi, kuma mai haɗari ana ba ta ƙaramin asfirin tun ciki bai tsufa ba. Tunjere, ɗigon jini ɗaya ke nuna shi, allurar fenisilin ke maganinsa. Zazzaɓi, gidan sauro da fansida aƙalla sau uku daga wata na huɗu. Mace mai rukunin jini marar sinadarin Rh, akwai allurar da ke kare 'ya'yanta na gaba. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas a 2016. Sai dai duk waɗannan suna da sharaɗi guda: sai wani ya san da cikin, kuma da wuri. Mu kuwa tarbiyyarmu ta koya wa mace ta rufe. Amarya mai cikin fari tana jin kunyar surukai, har ta mahaifiyarta. Wata tana tsoron baki da maita da kishiya. Wata sai mijinta ya ba da izini da kuɗin mota, shi kuma yana ganin awo na marasa lafiya ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kusan kashi 16. Har yanzu akwai gidajen da in motsin ɗa ya tsaya sai a ce cikin ya kwanta, zai tashi, a shiga rubutu da jiƙe-jiƙe. Ɗan da ya rage motsi a watannin ƙarshe yana iya zama yana ƙoƙarin tattalin 'yar iskar da ta rage masa ne, kuma abin da ya rage masa sa'o'i ne ko 'yan kwanaki. Kunya ado ce, ban musa ba, amma ba a yi ta don ta hana mace nuna hannunta ga mai awon jini ba.

Wannan ɗabi'a ce mace ta farko, wato maniyyaciya, ke ɗauka ta hau jirgi da ita, sai kuma kuɗi ya ƙara mata dalili. Hukumar Alhazai ta Najeriya ta hana masu juna biyu tafiya, ana yi wa mata gwajin ciki kafin tashi, kuma ma'aikatar lafiya ta Saudiyya ta sa watannin ƙarshe na ciki da ciki mai haɗari a cikin abubuwan da ke hana mutum cancantar aikin Hajji. Duk da haka hukumar ta sha sanar da cewa likitocinta sun gano masu ciki a Makka da Madina, wasu sun haihu, wasu sun yi ɓari, kuma ana yawan jin zargin cewa wasu sun wuce gwajin ne da fitsarin wata ko da sanayya. Kafin a zarge su, a duba lissafin da ke gabansu. Kujerar Hajji daga Arewa ta haura naira miliyan 8 a 2025. Matar da ta shekara biyar tana adashi, ko ta sayar da gona ko shanu, ko wani ɗan siyasa ya ba ta kujerar da ba ta da tabbacin za ta sake samu, ita ce aka ce ta zo ta faɗi abin da zai sauke ta daga jirgi, alhali tana ganin kuɗin kujera na tashi kusan duk shekara. Ta yi shiru. Daga ranar da ta yi shirun, ta fita daga hannun duk wanda zai taimake ta. Ba za ta je asibitin alhazai da ciwon kai da kumburin ƙafa ba, don kada a gano. Ba za ta nemi keken turawa a ɗawafi ba. Ba za ta wakilta wani ya yi mata jifa ba, ko da yake shari'a ta ba ta wannan sauƙi. In aka rubuta mata magani, likita bai san da wanda ke cikinta ba.

Abin da take shiga kuwa ba ƙarami ba ne. Sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, kimanin kilomita 3 ne, ban da ɗawafi a cikin turmutsitsi, ban da tafiyar ƙasa daga tantunan Mina zuwa wurin jifa kwana uku a jere, ban da yinin Arfa da kwanan Muzdalifa a fili. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da mutuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin ɗari marasa izinin aikin Hajji, waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba mafaka. Jikin mai ciki a irin wannan zafi yana tura jini zuwa fata don ya huce, gumi yana ƙarar da ruwa, abin da ke isa mahaifa ya ragu. Wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ ta buga a 2020, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya samu cewa haɗarin haihuwar ɗa babu rai yana ƙaruwa da kusan kashi 5 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi. A Gambiya, masu bincike sun bi mata masu ciki zuwa gonakinsu suka ga bugun zuciyar ɗan yana hauhawa yayin da uwar ke aiki a rana. Ga kuma mura da ciwon huhu da gudawa da ke yawo a duk inda miliyoyin mutane suka taru. Gaskiya ne lokacin Hajji yana ja da baya da kusan kwana 11 kowace shekara, yana fita daga tsakiyar bazara, amma Makka ba ta da sanyin kirki ko a hunturu, kuma Umara duk shekara ake yi, musamman ta Ramadan, inda mai ciki kan haɗa cunkoso da azumin da aka yi mata rangwame a kansa.

Wani zai ce ai Asma'u bint Umais, matar Sayyidina Abubakar, da tsohon ciki ta fita Hajjin Ban Kwana, ta haifi Muhammadu a Zul-Hulaifa, kuma ba a mayar da ita ba, aka koya mata yadda za ta yi ta ɗaura harami. Wannan gaskiya ne, kuma yana nuna cewa ciki ba ya ɓata Hajji. Amma a lura da yadda labarin ya zo mana: ya zo ne saboda cikinta ba ɓoyayye ba ne. Ta haihu, ta aika aka tambaya mata, aka ba ta amsa, kowa a ayarin ya san halin da take ciki. Wanda ya kafa hujja da ita don ya halatta wa mace ta yaudari likita ya ɗauki rabin labarin ya bar rabi. Sannan Hajji an wajabta shi ne a kan mai iko, kuma malamai sun sa lafiyar jiki da amincin hanya a cikin ikon. Wani kuma zai ce mata nawa ne suka je da ciki suka dawo lafiya, har ana kiran yaran da sunan wurin da aka haife su. Haka ne, kuma mai cikin wata huɗu ko biyar, mai lafiya, wadda likita ya duba, ba ɗaya take da mai hawan jini a wata takwas ba. Amma ba ita za ta tantance wace ce ita a cikin biyun ba, domin hawan jini da suga ba sa sallama. Ya kamata kuma a faɗi wannan don kada a ɗora wa kowace mace laifi: yawancin ɓarin da ke faruwa a watanni ukun farko daga matsalar halittar ɗan tayin yake, ko tana Makka ko tana ɗakinta zai faru.

Saboda haka ban yarda cewa tsananta gwaji da barazanar hukunci kaɗai za su magance matsalar ba. Gwajin yana da amfani, amma ana yinsa ne makonni kafin tashi, mace na iya ɗaukar ciki bayansa, kuma duk lokacin da aka ƙara tsada ga faɗin gaskiya, ƙwarewa a ɓoyewa ce ke ƙaruwa. Abin da zai sauya lissafin shi ne hukumomin alhazai na jihohi su yi alkawari a rubuce, a karanta shi a wurin bita, cewa duk wadda ta bayyana ciki za a ajiye mata kujerarta zuwa baɗi a kan kuɗin da ta riga ta biya. Yawan matan ba zai kai ya girgiza asusun kowace hukuma ba a ƙasar da ake ba kujeru dubbai masu yawa. Wadda kuwa aka gano ta riga ta isa Makka, a daina fallasa ta a jarida kamar mai laifi. A rubuta sunanta a wurin likitocin tawaga, a auna jininta, a haɗa ta da asibitin haihuwa, a ba ta mai yi mata jifa. In an ga hukunci ya zama dole, jami'in da ya sa hannu a takardar ƙarya shi ya fi cancanta.

Mace ta biyu ba baƙuwa ba ce a Makka, wataƙila a can aka haife ta. Hausawa sun daɗe suna zuwa ta ƙasa, ta Borno da Chadi da Sudan su ƙetare Bahar Maliya, kuma ayarin ya ƙaru bayan 1903, lokacin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, mabiyansa suka ci gaba zuwa gabas. Jikokin na farko da yawa 'yan ƙasa ne yau, masu sunan Hausawi ko Barnawi ko Fallata, kuma asibitin gwamnati a buɗe yake gare su kamar kowa. Amma a unguwanni irin su Shara Mansur da Misfala da Jarwal an daɗe da sanin waɗanda ake kira Takari, waɗanda suka zo Umara ko Hajji suka zauna, ko aka haife su ga iyayen da ba su da igama. Mace a wannan hali tana iya zama a 'yar tazara kaɗan daga Asibitin Haihuwa da Yara na Makka, amma ta shekara ba ta taka ƙofarsa ba. Awo a asibitin kuɗi ya fi ƙarfin mai aikatau ko mai talla, kuma duk teburin da za a tambaye ta takarda tana ganinsa a matsayin hanyar Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. Sai ta haihu a ɗaki a hannun wata tsohuwa, in abu ya ɓaci a ruga da ita sashen gaggawa bayan an makara. Ita ba zazzaɓin sauro ne babban abokin gabarta ba, tunda Makka ba garinsa ba ne. Hawan jini ne, da suga, da ƙarancin jini, da doguwar naƙuda, waɗanda dukansu awo ke kamawa.

Za a ce kowace ƙasa tana da ikon kare iyakokinta, kuma in aka buɗe awo kyauta ga marasa takarda, an gayyaci wasu su zo su zauna. Ban raina wannan magana ba. Ƙasar da ke karɓar miliyoyin baƙi a shekara dole ta san wanda ya shigo da wanda ya fita. Amma Saudiyya da kanta ta riga ta nuna cewa ana iya raba ƙofar asibiti da ƙofar shige da fice. A ƙarshen watan Maris na 2020 Sarki Salman ya ba da umarni a yi wa duk wanda ya kamu da korona magani kyauta, ɗan ƙasa da baƙo, har da wanda ya saɓa dokar zama, ba tare da an hukunta shi a kan haka ba. Dalilin a fili yake: mutumin da ke tsoron a kama shi ba zai zo a gwada shi ba. Dalilin nan bai canza ba in an zo kan mai ciki, illa dai wanda zai cutu ba maƙwabci ba ne, ɗa ne da bai ƙetare iyakar kowa ba. Ta fuskar kuɗi ma, awo takwas da gwajin jini sun fi tiyatar gaggawa da ƙarin jini da gadon jinya mai tsanani araha nesa ba kusa ba. Ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, da na Nijar, da attajiran Hausawa mazauna can da ke ciyar da dubban mutane a Ramadan, suna iya fara abin da ya fi sauƙi tun kafin wata doka ta sauya: asusun biya wa mata awo a asibitocin kuɗi, da koya wa tsofaffin da ke karɓar haihuwa alamun da in sun gani ba a jira.

Akwai darasi kuma a yadda Saudiyya ta tunkari nata matsalolin. Ciwon suga ya yi yawa a ƙasar, auren zumunci ya haura rabin aurarraki, kuma sikila da wasu cututtukan jini na gado sun yaɗu a wasu yankuna. Tun 2004 aka wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure, daga baya aka ƙara da ƙanjamau da ciwon hanta. Ba a hana masu ɗauke da cututtukan jini na gado aure ba, an dai hana a shiga a makance, kuma abin da a da ake ganin tonon asiri ne ya zama al'ada. Kano ta kafa irin wannan doka a 2024. Abin da ake iya yi wa aure ana iya yi wa ciki: a mayar da awon farko, tun kafin wata uku, abin da miji ke jin kunyar a ce bai kai matarsa ba.

Saura babbar magana, wadda ake rufe kowace muhawara da ita, cewa rai da ajali na Allah ne. Babu Musulmin da ke jayayya da haka, kuma ilimin likita ma bai ce ya san komai ba. Ko a ƙasashen da ke da kayan bincike, akwai kaso mai yawa na irin wannan mutuwa da ba a gano dalilinsa, akwai kuma uwar da ta yi duk abin da aka ce ta yi amma ta rasa ɗanta. Irin wannan uwa ta'aziyya take buƙata, ba tuhuma ba. Amma ƙaddara ba ta bayyana dalilin da ya sa abin ke faruwa sau 22 a cikin dubu a wata ƙasa, sau 2 ko 3 a wata, ba kuma ta hana Sayyidina Umar juyawa da jama'arsa daga hanyar Sham ba lokacin da ya ji annoba ta ɓarke a can. Dole kuma a yi adalci ga hujja ko da ba ta yi mana daɗi ba. Wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Birtaniya da Ireland, aka buga a 2018, ya nuna cewa wayar da kan mata a kan motsin ɗa, tare da tsarin duba su, bai rage mutuwar da yawan da aka yi fata ba. Wannan a inda kusan kowace mace ke zuwa awo ke nan, inda abin da ya rage a rage kaɗan ne. A wurinmu giɓin yana can baya, a wurin matar da ba a taɓa auna jininta ba, da wadda ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Shi ya sa nasiha ga mata ita kaɗai ba ta isa ba. A gaya mata ta kwanta a gefe maimakon rigingine daga wata na bakwai, a gaya mata jini ko ciwon kai mai tsanani ko dishi-dishin gani ko raguwar motsi ba a kwana da su, amma in ta tashi cikin dare, sai an sami mota, da ma'aikaciya a bakin aiki, da jini a ajiye, da wanda zai yi mata aiki ba tare da an tsaya cinikin kuɗi ba.

Wadda abin ya riga ya same ta ita ce muka fi sakaci da ita, alhali ita ce ta fi kowa buƙatar a duba. Nazarin da aka tattara a 2015 ya nuna cewa matar da ta taɓa haihuwar ɗa babu rai, haɗarin ya sake faruwa gare ta ya kusa ninki biyar na wadda ba ta taɓa ba. Mu kan kira ta mai wabi, mu nema mata laya, mu sa wa ɗan da ya rayu sunan da zai kore masa mutuwa, amma ba mu tambayi ko tunjere ne da allura za ta kawar, ko rukunin jini ne, ko suga, ko hawan jinin da ya kamata a fara tsarewa tun wata na uku. Duk asibitin da aka haifi ɗa babu rai a cikinsa, a Makka ko a Kano ko a Maraɗi, ya kamata ya auna ɗan, ya duba mabiyiya, ya gwada jinin uwa, ya rubuta ko mutuwar kafin naƙuda ce ko a cikinta, ya ba uwar takarda a hannunta. Hajiyar da ta rasa ciki a Mina ta dawo gida da wannan takarda daga likitocin tawaga, domin ungozomar da za ta karɓe ta a ciki na gaba a Funtuwa ko Tessawa ba ta da wata hanyar sanin abin da ya faru.